DARASIN LAFIYA: KUMBURIN ƁOYE DA KITSEN JINI A JIKIN TSOFAFFINMU

  

Ya ku ɗalibai, da ku iyayenmu da ake karanta wa wannan mujalla a zaure ko a tsakar gida, darasinmu na wannan fitowa ya shafi kakanninmu ne. Da wuya ka shiga gida a Gyadi-Gyadi ko Tarauni ba ka sami tsoho ko tsohuwa da aka taɓa rubuta wa gwajin jini ba. Kuma sau da yawa ku ɗalibai ake miƙa wa takardar, a ce, "Kai da kake boko, karanta mana." Tunda nauyin karatun a kanku yake faɗawa, ya kamata ku san abin da kuke karantawa.

ASALIN WANNAN DARASI

Wata ranar Asabar bayan an tashi daga hadda, wani ɗalibi ɗan aji biyar ya tare ni a bakin ƙofa da takarda a hannu. Ya ce, "Malam, Babanmu ya ce a nuna maka. An gwada jinin Alhaji kakanmu, an ce kitsen jininsa ya sauka ƙwarai. A taya mu murna." Na ce, "Madalla. To, yaya jikin Alhajin?" Yaro ya yi shiru, can ya ce, "Gaskiya Malam ya rame. Tari yake yi fiye da wata biyu, da dare gumi ya jiƙe masa riga, tuwo kuwa loma uku ya ture kwano." Na ce ya gaya wa mahaifinsa su koma wurin likita gobe-gobe, kuma abin da ya faɗa mini yanzu su faɗa wa likitan ba ragi.

Da aka gwada kakin Alhaji, sai ga tarin tibi. Aka ɗora shi a kan magani na wata shida, Allah ya ba shi lafiya, cin abinci ya dawo, jiki ya murmure. Da aka sake gwajin jini sai aka ga lambar kitsen ta hau. Gida ya ɗauki salati. Likita ya kwantar musu da hankali, ya ce waccan lamba ta farko ciwo ne ya danne ta, wannan ta yanzu ita ce tasa ta ainihi, kuma a kanta za a yi shawara.

Abin ya tsaya mini a rai. Na koma na duba littattafan likitanci na Larabci da na Turanci, na kuma zauna da wani likita da 'ya'yansa ke karatu a wurinmu. Ga abin da na tsinto muku.

FASALI NA ƊAYA: BAƘI DA WASALI

Ku ɗauki allo ku rubuta baƙaƙe uku da ajami: gain, dal, alif. Me kuka rubuta? Ba wanda zai iya cewa tukuna. In kun sa wa gain wasali ƙasa, gida ke nan. In kun sa wasali bisa, gada ce ta daji. In kun sa rufu'a, ya zama guda. Baƙaƙen ba su canza ba, wasali ne ya raba ma'ana.

To, haka takardar gwajin kitsen jini take, musamman ta wanda ya manyanta. Lambar da ke kan takarda baƙi ce. Halin da jikin mai ita yake ciki shi ne wasali, kuma babban wasalin a nan shi ne kumburi. Wanda ya karanta lamba bai duba jiki ba, zai iya karanta gida a inda aka rubuta gada. Wannan ita ce mas'alar da za mu warware.

FASALI NA BIYU: MENE NE KOLESTAROL?

Kolestarol wani nau'in maiƙo ne mai kama da kakin zuma, shi ne mutane ke kira kitsen jini. Sunan daga Girkanci yake, ma'anarsa daskararren ruwan maɗaciya, domin a tsakuwar maɗaciya aka fara gano shi. Ku sani fa, ba dafi ba ne. Da shi ake gina bangon kowace ƙwayar halitta ta jiki, da shi hanta ke yin ruwan maɗaciya mai narkar da mai, da shi fata ke haɗa bitamin D idan rana ta taɓa ta. Kuma mafi yawansa, wajen kashi uku cikin huɗu, jiki ne ke ƙera abinsa, hanta ce kan gaba a aikin. Ragowar ne ke zuwa daga abinci.

Ku zuba man gyaɗa a kofin ruwa, za ku ga ba su haɗuwa. Jini ruwa ne, saboda haka maiƙo ba ya tafiya a cikinsa sai an ɗora shi a kan wani abu, kamar yadda ake ɗora kaya a amalanke. Amalanken da za ku gani a takarda iri biyu ne. Na farko LDL, shi ke ɗauko kaya daga hanta ya kai sassan jiki, kuma idan ya yi yawa yakan zubar da kayan a bangon jijiya. Na biyu HDL, shi ke kwashe ragowa ya mayar hanta. Akwai kuma wani maiƙon da ake rubuta wa TG, wanda ke hawa da yawan zaƙi da ƙiba da ciwon suga.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi a ɗakunan gwajinmu shi ne milimol a kowace lita. Abin so ga babban mutum: jimillar kolestarol ta kasance ƙasa da 5.2, LDL ƙasa da 3, TG ƙasa da 1.7, HDL kuwa sama da 1.0 ga namiji, sama da 1.3 ga mace. Idan kun ga lambobi manya kamar 200, to da miligiram aka auna, kuma 200 ɗin daidai yake da 5.2. Wanda ya taɓa bugun zuciya ko yake da ciwon suga, likita zai nema masa LDL ƙasa da haka sosai.

FASALI NA UKU: MENE NE KUMBURI?

Abin da muke nufi a nan shi ne wanda Larabawa ke kira iltihabi, asalin kalmar daga ruruwar wuta take. Kowa ya taɓa yin maruru, ko ƙaya ta soke shi wurin ya tashi. Alamomi huɗu ne: ja, zafi, tashi, da ciwo. Tun ƙarni na 1 Miladiyya wani marubucin Rum mai suna Celsus ya lissafa su, kuma likitocin Musulmi irin su Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, sun yi dogon bayani a kan kumburi mai zafi. Wannan kumburi rahama ne. Fararen ƙwayoyin jini ne, wato sojojin jiki, suka taru suna yaƙi da cuta. In sun gama sai su watse, wuri ya warke.

Amma akwai wani iri, shi na kira kumburin ɓoye. Ba ja, ba ciwo, ba zazzaɓi. Sojojin jiki ne ke ƙin komawa bariki, suna ta ƙananan hare-hare shekara da shekaru, kamar garwashin da toka ta rufe. Wani masanin ƙasar Italiya, Claudio Franceschi, ya bayyana a shekarar 2000 cewa wannan garwashi yakan ƙaru yayin da mutum ke tsufa. Daga cikin dalilan akwai tsofaffin ƙwayoyin halitta da suka daina aiki amma ba su mutu ba, da kitsen teɓa, da cututtukan da suka daɗe a jiki.

Yaya ake ganin abin da ba ya ciwo? Idan akwai kumburi a jiki, hanta takan saki wani sinadari a jini mai suna CRP. Likitoci biyu, Tillett da Francis, suka gano shi a 1930 a birnin New York, a jinin masu ciwon huhu. Akwai gwajinsa mai kaifi da ake rubutawa hs-CRP. Ƙasa da miligiram 1 a lita, haɗarin ciwon zuciya kaɗan ne. Daga 1 zuwa 3, matsakaici. Sama da 3, babba. In ya wuce 10 kuwa, galibi wata cuta ce ke ci a lokacin, sai a nemo ta, a yi magani, a sake gwaji.

FASALI NA HUƊU: YADDA SUKE HAƊUWA A JIJIYA

Da yawanmu muna ɗaukar jijiyar jini kamar kwatar unguwa da damina, shara ta yi ta taruwa har ta toshe. Misalin ya kama hanya, amma bai kai gida ba. Ga yadda abin yake, mataki-mataki.

Na ɗaya, cikin jijiya akwai wata siririyar fata mai santsi. Hawan jini da yawan suga da hayaƙi su ke ƙuje ta. Na biyu, LDL ya sami kafa ya kutsa cikin bangon, ya maƙale, ya gurɓace kamar man da ya daɗe a kasko. Na uku, sojojin jiki su gan shi a matsayin baƙo, su shigo su yi ta haɗiye shi har su cika su mutu a wurin, su kuma kira wasu. Na huɗu, wannan tarin maiƙo da matattun ƙwayoyi ya zama kamar maruru a cikin bangon jijiya, jiki ya yi masa murfi. Larabawa na kiran wannan ciwo tasallubus sharayin, wato ƙandarewar jijiyoyin jini.

Mataki na biyar shi ne mai haɗari. Kumburi yana cin murfin nan a hankali har ya yi siriri. Ranar da ya fashe, jini ya daskare a wurin nan take, hanya ta rufe. In a jijiyar zuciya ne, bugun zuciya ke nan. In a ta ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki. Shi ya sa za ku ji an ce, "Lafiya lau muka yi sallar isha'i da shi." Maruru ne da ya shekara ashirin ko talatin yana nuna, ya fashe a dare ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi ne, irin tamu.

FASALI NA BIYAR: HUJJOJI

A makaranta mun saba, magana ba hujja ba a karɓa. To, ga hujjoji.

A 1913 wani likitan Rasha, Nikolai Anichkov, ya ciyar da zomaye kolestarol, sai jijiyoyinsu suka yi irin wannan maruru. Wannan hujjar ɓangaren kitse ce. Tun kafin shi, a tsakiyar ƙarni na 19, Rudolf Virchow na Jamus ya ce ciwon nan kumburi ne, amma aka daɗe ba a waiwayi maganarsa ba, sai a 1999 da Russell Ross na Amurka ya sake tsayar da ita da hujjojin zamani.

A 2008 aka fitar da sakamakon wani bincike mai suna JUPITER. An ɗauki mutum 17,802, maza daga shekara 50, mata daga 60, waɗanda LDL ɗinsu bai hau ba amma CRP ɗinsu ya kai 2 ko fiye. Rabi aka ba su maganin rage kolestarol na dangin statin. LDL ya ragu da rabi, CRP ya ragu da kashi 37 cikin 100, bugun zuciya da shanyewar jiki da makamantansu suka ragu da kashi 44 cikin 100. Ashe mutum zai iya samun takarda mai kyau a ɓangaren kitse, alhali garwashi na ci.

A 2017 aka fitar da wani mai suna CANTOS, na mutum 10,061 da suka taɓa bugun zuciya. An yi musu allurar da ke rage kumburi kawai, ba ta taɓa kolestarol ko kaɗan. Duk da haka sake bugun zuciya da danginsa ya ragu da kimanin kashi 15 cikin 100. Sai dai an sami ƙarin masu mutuwa da cututtuka masu kama jiki, domin an rage wa sojojin jiki ƙarfi. Ku lura da wannan, za mu koma kansa.

A 2017 ɗin dai aka ba da labarin wata ƙabila a dajin Bolibiya mai suna Tsimane, masu noma da farauta da su. An duba mutum 705 daga shekara 40 zuwa sama. Kusan rabinsu CRP ɗinsu a sama yake saboda tsutsar ciki da sauran cututtuka, amma LDL ɗinsu ƙasa yake, hawan jini da suga sun yi ƙaranci, kuma wuni suke a tafe. Kashi 85 cikin 100 ba a ga alamar ƙandarewa a jijiyoyin zuciyarsu ba. Fa'idar da za mu ɗauka: kitse itace ne, kumburi wuta. Gobara takan tashi ne inda suka haɗu.

FASALI NA SHIDA: ABIN DA KE RUƊA TAKARDAR TSOHO

Yanzu mu koma ga Alhaji kakan ɗalibinmu. Me ya saukar da lambarsa?

Idan kumburi ya yi ƙarfi, hanta takan karkata ga aikin yaƙi, cin abinci ya ragu, sai jimillar kolestarol da LDL da HDL duk su faɗi, TG kuwa sau da yawa ya hau. Ana ganin haka a tarin tibi, da ciwon daji, da amosanin gaɓɓai mai kumburi, da bayan babbar tiyata, har da zazzaɓin cizon sauro da muke fama da shi kowace damina. Saboda haka saukar lamba a jikin tsohon da ba ya shan maganin kitse, kuma yana ramewa, abin bincike ne.

Masana sun ga wannan a manyan bincike. A birnin Leiden na ƙasar Holan, a 1997, an ba da rahoton tsofaffi 724 masu shekara 85 zuwa sama, aka ga masu ƙarancin kolestarol sun fi saurin mutuwa, galibi da ciwon daji da cututtuka masu kama jiki. A Honolulu ma, a 2001, an ga kusan haka a maza 3,572 masu shekara 71 zuwa 93. Wasu suka ɗauki wannan suka ce ashe kitsen jini alheri ne ga tsoho, a zubar da magani. Wannan karatu ne ba wasali. Babban bayanin da masana suka bayar shi ne ciwon da ke ɓoye da raunin jiki su ke saukar da lambar, kuma su ke kai mutum kabari. Hujja kuwa, a 2002 binciken PROSPER ya ba tsofaffi maganin statin, cikin mutum 5,804 masu shekara 70 zuwa 82, aka sami raguwar bugun zuciya da danginsa da kashi 15 cikin 100. Lambar da magani ya saukar daban, wadda ciwo ya saukar daban.

Daga nan za mu fitar da ƙa'idoji uku. Ta ɗaya, ba a gwajin kitsen jini ana tsakiyar zazzaɓi ko an fito daga kwanciyar asibiti, sai an warke da makonni, sai fa in likita ne ya nema. Ta biyu, a riƙa ajiye tsofaffin takardu a jaka guda, domin likita ya ga inda lamba ta fito da inda ta nufa. Ta uku, a gaya wa likita komai: rama, tari, gumin dare, ciwon gaɓɓai, da duk maganin da ake sha, na kemis da na gargajiya.

Iyayenmu mata kuma su sani, bayan ɗaukewar al'ada LDL yakan hau ko da abinci bai canza ba. Kada a ce ciwon zuciya na maza ne.

FASALI NA BAKWAI: ABIN DA ZA A YI A GIDA

Abin farin ciki shi ne yawancin abin da ke rage itacen shi ke rage wutar.

Na farko, mai. Man shanu da kitsen nama da man ja su suka fi ɗaga LDL, man gyaɗa ya fi su sauƙi. A rage cokali, ba a ce a daina miya ba. Man da aka soya ƙosai da awara da kifi aka maimaita har ya yi baƙi, a zubar da shi. Lokacin layya a zaɓa wa tsoho tsoka, a ɗauke masa kitse da ƙwaƙwalwa da yawan kayan ciki.

Na biyu, abincinmu na gado. Wake, kuɓewa, kuka, zogale, rama, yakuwa, alayyafo, gero da dawa da ba a surfe su ƙwarai ba, duk suna taimakawa, kuma duk akwai su a kasuwar Tarauni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci ganye da 'ya'yan itace giram 400 a rana, gishiri kuwa kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Daddawa da albasa da citta za su cike gurbin. Lemon kwalba da shayi mai cokali huɗu na suga, a yi musu iyaka.

Na uku, kada a kashe tsoho da yunwa. Na ga gidan da aka ji kalmar kolestarol aka hana Hajiya nama da ƙwai da nono gaba ɗaya, sai koko da salala, har ta kasa tashi daga tabarma sai an kama ta. Tsoho yana bukatar abin gina jiki: kifi, wake, gyaɗa, nono, kaza, da ƙwai daidai misali. Zubewar tsoka ita ma musiba ce.

Na huɗu, tafiya. Minti 150 a mako ake so, wato minti 30 sau biyar. Tafiya masallaci da ƙafa tana cikin lissafi. A zaɓi sassafe da cikin layuka, a kauce wa hayaƙin motocin titin Zariya. Iyayenmu mata su zaga tsakar gida, jikoki su raka su. Teɓa ba alamar hutu ba ce, kitsen ciki da kansa yana zuba sinadaran kumburi a jini.

Na biyar, hayaƙi. Taba da shisha a bar su. Kada a zaunar da tsohuwa a rufaffen madafi ana girki da itace, kada a kwana da gawayi a ɗaki lokacin hunturu, kada a ajiye janareto kusa da taga.

Na shida, baki. Dasashi mai jini da ruɓaɓɓen haƙori kumburi ne na kullum. Asuwaki da buroshi safe da dare, in haƙori ya lalace a kai wa likitan haƙori.

Na bakwai, awo. A auna hawan jini da suga a kai a kai, in awo ya kai 140 bisa 90 ya kuma maimaita, a ga likita. Mu kam Allah ya hutar da mu tafiya, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, a bakin titin Zariya, ga kuma ƙananan asibitocin unguwa da za a fara da su. Tarin da ya wuce mako biyu a gwada kaki, maganin tibi kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

TANBIHI A KAN MAGUNGUNA

Kada wani ya karanta wannan darasi ya ce, "To, bari in saya wa Baba maganin kumburi a kemis." A'a! Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen ba sa kashe wannan garwashi. Yawan shansu ga tsoho yana ɗaga hawan jini, yana taɓa ƙoda, yana jawo gyambon ciki, yana ma ƙara haɗarin bugun zuciya. Dexamethasone da prednisolone, waɗanda ake cusawa a haɗin ciwon gaɓɓai, suna ɗaga suga da hawan jini, suna raunana ƙashi, suna kuma rage wa sojojin jiki ƙarfi, kun dai ga abin da hakan ya jawo a binciken CANTOS. Asfirin ma ba a fara shi da ka. A 2018 binciken ASPREE na tsofaffi masu lafiya 19,114 ya nuna shansa kullum bai ƙara musu tsawon rai cikin lafiya ba, sai ƙarin zubar jini. Wanda likita ya ɗora a kai saboda ya taɓa bugun zuciya, hukuncinsa daban, ya ci gaba.

Wanda kuma aka ɗora a kan statin, kada ya daina don lamba ta yi kyau, maganin ne ya gyara ta. In ya ji ciwon tsoka da bai saba ba, ya koma ya faɗa, akwai canji.

ALAMOMIN GAGGAWA

Ku haddace waɗannan kamar yadda kuke haddace karatu: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ta mutu, magana ta sarƙe, ko nauyi a ƙirji kamar an ɗora dutse tare da gumi da haki. Ga tsoho da mai ciwon suga, wani lokaci haki da gajiya kawai za a gani. In kun ga haka kada a tsaya cewa iska ce ta buge shi, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu a baki, domin zai iya shaƙewa. A nemi mota ko a daidaita sahu nan take, a yi addu'ar a hanya. Kowane minti ƙwaƙwalwa ake ceto.

TAMBAYOYI

1. Kawo amfani uku na kolestarol a jiki.
2. Bambanta tsakanin LDL da HDL.
3. Me ya raba kumburin maruru da kumburin ɓoye?
4. Lissafa matakai biyar na ƙandarewar jijiya.
5. Me ya sa lambar Alhaji ta sauka yana ciwo, ta hau da ya warke?

AIKIN GIDA

Kowane ɗalibi ya je wurin kakansa ko wani dattijo na gida, ya durƙusa ya gaishe shi, ya nemi izini ya tattara masa takardun asibitinsa a jaka guda bisa jerin kwanan wata. Sa'annan ya tambaye shi da ladabi: yaya cin abinci, yaya barci, akwai tari, riga ta yi yawa? Abin da ya ji ya gaya wa mahaifinsa ko mahaifiyarsa. Asirin gida ne, ba a kawo shi aji, sai dai iyaye su sa hannu a littafi cewa an yi.

Su suka ɗauke mu muna ƙanana ba mu iya faɗin inda ke mana ciwo, suka gane da kallo. Yau ga su sun manyanta, da yawansu kunya da kawaici ba za su bar su su ce ba su da lafiya ba. Mu ma sai mu koyi kallo.

Allah ya ƙara wa iyayenmu da kakanninmu lafiya, ya sa su gama da duniya lafiya, waɗanda suka riga mu ya jiƙansu. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki hawan jini da gishiri. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.